Ruwa Ya Ci Gada

Mutanen Ƙurɗuba, a kudancin Sifaniya, suna kiran tsohuwar gadar garinsu Gadar Rumawa, haka kuma aka rubuta a taswira da allunan kan titi. Sunan bai yi ƙarya ba, sai dai ko rabin labarin bai kawo ba. Rumawa ne suka fara kafa ta, kimanin shekara 2000 da suka wuce, don babbar hanyar da suka raɗa wa sunan sarkinsu Agustus ta samu ta haye kogin Gwadalkibir ta gangara Kadis a bakin teku. Yau gadar tana tsaye a kan baka 16. In ka nemi masana gini su nuna maka waɗanda hannun Barume ya ɗaura, ƙalilan za su nuna. Sauran duk aikin mutanen da suka zo daga baya ne, Larabawa da Barbar da Kiristocin Kastila da injiniyoyin zamaninmu. Suna ya tsaya a kan wanda ya fara. Waɗanda suka hana ta faɗuwa ƙarni bayan ƙarni ba su samu shiga cikinsa ba.

Mai zuwa ganinta yakan fito ne daga babban masallacin nan da Abdurrahman ɗan Mu'awiya ya aza harsashinsa wajen shekarar 785, wanda ya koma coci tun 1236. Ka ɗan gangaro, ka ratsa wata ƙofar dutse, sai ga ka a kanta. Tun 2004 aka hana mota hawa, saboda haka ba abin da ke kanta sai masu tafiya a ƙasa da masu keke da makaɗa masu neman na abinci. Daɓen da ake takawa sabo ne, na wani dutse mai ja-ja da aka shimfiɗa a gyaran 2006 zuwa 2008, kuma mutanen garin sun daɗe suna jayayya a kansa, wasu na cewa bai dace da tsohuwa irin wannan ba. A tsakiya akwai mutum-mutumin Mala'ika Rafa'ilu da aka kafa a 1651, ana kunna masa kyandir. A ɗaya gaɓar hasumiyar Kalahora ce ke tsaron bakin gadar. Ƙasa kaɗan, a cikin ruwa, ga kufan injinan niƙa da wani ƙaton wilin katako na ɗiban ruwa.

Ni dai ba saman ne ya riƙe ni ba. Leƙawa na yi na tsaya ina kallon ƙafafuwanta. Kowane ginshiƙi yana da goshi mai tsini ta wajen da ruwa ke tahowa, ta baya kuma an zagaye shi. Duk wanda ya tashi a ƙasar da rafi ke cin gona ya san amfanin wannan tsini ba sai an yi masa bayani ba: ya tsaga ruwan, ya kautar da kututture da tarkacen da ambaliya ke kwasowa, kada su taru su toshe ido. Rumawa sukan kafa turaku a cikin kogi su yi shinge, su cike tsakaninsa da yumɓu, su kwarfe ruwan da ke ciki, sannan su haƙa har su iske ƙasa mai ƙarfi. Bakan kuma a kan gwangwalar katako ake jera shi, kowane dutse an sassaƙe shi sama da faɗi ƙasa da tsukewa. In aka sa na tsakiya aka zare katakon, nauyin da zai ka da ginin shi ne ke ƙara matse duwatsun da juna. Hikima ce babba. Amma ko ita ba ta hana kogi rarake ƙarƙashin ginshiƙi ba, kuma lokacin da Musulmi suka shigo Andalus a 711, gadar ta riga ta karye.

Daga nan labarin ya fi yi mini daɗi. Malaman tarihin Andalus sun ruwaito cewa gwamna Samhu ɗan Malik Alkhaulani ya rubuta wa Halifa Umar ɗan Abdul'aziz cewa gadar Ƙurɗuba ta lalace, mutane suna shan wuyar hayewa da damina, ganuwar birnin ma ta zube ta wani ɓangare. Amsar da ta zo ita ce a ɗebi duwatsun ganuwar a gina gadar, ganuwar kuma a toshe ta da tubali. Wajen shekara ta 101 bayan Hijira aka yi wannan aiki, wato kusan 720. A dubi zaɓin da kyau. Mutane ne sababbin zuwa, ba su fi shekara goma da cin ƙasar ba, suna zaune cikin jama'ar da ta fi su yawa nesa ba kusa ba. Duk da haka aka ba hanyar talakawa dutse, aka bar wa tsaron masu mulki tubali. Ban san wata shaida ta adalcin wannan Halifa da ta fi wannan saurin shiga kan magini ba.

Bayan shekaru masu yawa kogi ya sake yi mata ɓarna, Sarki Hishamu ɗan Abdurrahman, wanda ya yi mulki daga 788 zuwa 796, ya sake gina ta. An ruwaito cewa ya tambayi abin da mutane ke faɗi game da aikin, aka ce masa suna cewa don ya ji daɗin fita farauta ya yi. Sai ya rantse ba zai ƙara hawanta ba sai don yaƙi ko wata maslahar jama'a. Bakin mutanen Ƙurɗuba na wancan zamani bai bambanta da na majalisar ƙofar gida a ƙasarmu ba, inda da an ga kwalta ta nufi wani ƙauye za a tambayi wane babba ne ke da gona a can. Halifa Hakamu na biyu ya sake gyara ta a 971. Sarakunan Kirista suka ɗora daga inda aka tsaya. Ba wanda ya ce tunda ba kakansa ya gina ba, ba ruwansa.

Wani abin lura shi ne yadda sunaye suka rabu. Kogin ya riƙe sunansa na Larabci, don Gwadalkibir ba komai ba ne illa Wadil Kabir, babban kogi, a bakin Sifaniyawa. Gadar kuwa, wadda Larabawa suka kira Ƙanɗara har tsawon shekara 500, ta koma ta Rumawa. A yammacin ƙasar akasin haka aka samu: gadar da aka gina a kan kogin Tagus zamanin Sarki Tarajan, tsakanin 104 da 106, yau sunanta Alkantara, kalmar Larabawa. Ita ma an sha rusa bakanta a yaƙe-yaƙe ana sake ɗaurawa, har zuwa babban gyaran 1860.

Bahaushe ba baƙo ba ne a Ƙurɗuba ko da bai taɓa taka ta ba. Muwaɗɗar Imamu Malik da ake karantawa a zaurukan Kano da Birnin Kudu ruwayar Yahaya ɗan Yahaya Allaisi ce, mutumin wannan gari, wanda ya rasu a 848. Tafsirin Ƙurɗubi da malamanmu ke jawowa da azumi na ɗan garin ne da ya bar shi bayan ya faɗa hannun Kastila, ya rasu a Masar a 1273. Ina tsaye a can na yi ta tunanin yawan littattafan da suka bi ta kan waɗannan duwatsu a bayan alfadarai suka nufi kudu, suka haye teku zuwa Fas, daga can suka ratso Sahara.

To, mu fa? A Wurno, ta ƙasar Birnin Kudu nake nufi ba ta Sakkwato ba, da kewayenta har zuwa Gwaram inda kogin Bunga ke ratsawa, ruwa yana da fuska biyu. Da rani rafi rairayi ne, yaro ma ya ƙetare da akuyarsa. Da Agusta ta shiga sai ya zama abin da ake tsayawa a gaɓa ana dubawa. Kakanninmu ba su yi gadojin dutse ba, amma harshen da suka bar mana cike yake da kalmomin hayewa, kuma kusan kowace tana da mutum a cikinta. Akwai mashigi da maƙetara, wurin da aka san ƙasa tana da ƙarfi kuma ruwa bai wuce ƙugu ba. Sanin mashigi ilimi ne, a kan wani yake, shi ake tambaya. Akwai fito, aikin masu kwalekwale ko masu kifa ciki a kan babban gora su tura kaya a masaki. Akwai Sarkin Ruwa, wanda in ya ce yau ba a shiga, to madugu da ayarinsa sai su yi zango su jira. Akwai hayi, ɗaya gaɓar, kalmar da ta zama sunan unguwanni irin su Hayin Banki a Kaduna da Hayin Dogo a Samarun Zariya. Kuɗin da ake biyan mai fito ya daɗe a bakin mutane har ya zama sunan harajin da kwastan ke karɓa a kan iyaka, kuɗin fito. Akwai kuma kadarko, ɗan abin da ake giciyawa na itace ko azara a kan kwazazzabo, wanda mutanen unguwa ke yi da gayya, su sabunta shi da gayya.

Kalmar gada kuwa baƙuwa ce. Masana harshe suna ganin daga Turanci ta shigo, daga sunan dogon ƙarfen nan da ake shimfiɗawa a kan ginshiƙai, kuma ta zo ne tare da Turawa da jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911. Babbar gadar Makurɗi a kan Binuwai sai 1932 aka buɗe ta. Tsohuwar da muke girmamawa a Arewa ita ce ƙaramar gadar ƙarfen da aka kafa a Zungeru a 1904, aka kwance ta daga baya aka kai Kaduna, aka sa ta cikin kayan tarihin ƙasa a 1956. Tana nan a lambun Gamji, sunan Gwamna Lugga take ɗauke da shi. Ba na ƙyamar kalma don ta zo daga waje, ai rabin kayan ɗakinmu haka suka zo. Abin da ke damuna shi ne ta zo babu mutum a cikinta. Mashigi yana da masani, fito yana da mai fito, kadarko yana da unguwa. Gada kuwa ta gwamnati ce, kuma a bakin Bahaushe, a ce abu na gwamnati ne kusan daidai yake da a ce ba shi da mai shi.

Wataƙila shi ya sa karin maganar da ta fi yawo da wannan kalma ta yaudara ce. In aka ce an haɗa wa wane gadar zare, an shirya masa abin da zai taka ya rufta. Gadar da Bahaushe ya fi sani a zuciyarsa kuwa, tun kafin ya ga ta ƙarfe, ita ce Siraɗi, wadda kowane yaro ya ji labarinta a makarantar allo. Har ta sauko cikin maganar yau da kullum: ɗalibin da ya ci jarrabawa da ƙyar, ko mai neman kujera da ya sha a kotu, sai a ce ya tsallake siraɗi. Imamu Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505 kuma ya yi wasiƙa da sarakunan Katsina da Agadas, ya kawo a cikin littafinsa Itƙan maganar malaman da suka ce wannan kalma a harshen Rumawa tana nufin hanya. Wasu manyan malamai, irin su Imamu Shafi'i, ba su yarda akwai kalmar da ba ta Larabci ba a Alƙur'ani, kuma saɓani ne na masu ilimi da ba hurumina ba. Masana harshe na zamani dai suna danganta ta da sunan da Rumawa ke kiran titinsu mai daɓen dutse. In haka ne, ashe hanyar Rumawa ta daɗe da isowa Wurno, muna ambatonta a kowace raka'a.

Yanzu a saurari yadda muke ba da labari in abin ya faru. Direba a tashar Birnin Kudu zai ce maka ruwa ya ci gada. Wani ya ce ruwa ya tafi da ita, ko ruwa ya yanke hanya. A rediyo a ce gada ta karye. A duk waɗannan jimloli, ko dai ruwa ne mai aikin, ko kuwa gadar ce ta yi wa kanta. Babu inda ɗan Adam ya fito. A watan Agustan 2021, a Radabi, kan hanyar Gwaram zuwa Basirka, ruwan sama ya karya gada, wata motar haya da ta taso daga Kano ta faɗa ciki, fiye da mutum 20 suka rasu. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyalansu haƙuri. Mun yi imani da ƙaddara, kuma ba wanda zai wuce kwanansa. Amma imani da ƙaddara bai hana Umar ɗan Abdul'aziz ba da umarni a kwaso duwatsu ba. Ruwa ba ya cin gada a dare ɗaya. Shekaru yake yi yana rarakar ƙasan ginshiƙi, yana zaizaye kafaɗar hanya inda kwalta ta haɗu da kankare, yana tara yashi da leda da kara a bakin kwalbati har idon ya toshe, ruwan ya rasa mafita ya nemi ta kansa. Daren da ta tafi shi ne kawai ranar da muka ji labari. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu muka faɗa, amma jimlar da muke yi wa gada ba ta da gurbin wanda ya ga tsagar ya wuce.

Abin ya fi ba ni takaici saboda mu ba mutanen da suka jahilci gyara ba ne. Muna da namu bakan. Maginan Hausa suna jera azara hawa-hawa, kowace ta ɗan zarce ta ƙarƙashinta, su ɗaure, su lulluɓe da ƙasa, har bakan gizo ya haɗu a sama ya ɗauki rufin soro. In bakan suka giciye juna a ce ɗaurin guga. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya kai wannan fasaha maƙura a Masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Amma ginin ƙasa ba ya yarda a ce an gama shi. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai an yi yaɓe, an duba indararo, an toshe tsaga, an sake makuba. Ganuwar birni ma haka aka riƙa fitowa ana yi mata gayya. Magini da mai yaɓe mutum ɗaya ne, kuma ba wanda ke ganin yaɓe ƙasƙanci ne. Ko wannan masallaci na Zariya, da tsufa ya cim masa, wani sashensa ya rufta kan masallata a Agustan 2023, aka yi asarar rayuka.

Siminti ne ya koya mana wani sabon tunani, cewa akwai ginin da ake gamawa. Da shi kalmomin girma suka koma wajen farawa: aza harsashi, ƙaddamarwa, buɗewa, yanke ƙyalle, allon marmara mai sunan wanda ya buɗe. Gyara ya sauko ya zama ƙaramar kalma, faci, ɗan kwaskwarima, abin da ba a kiran maroƙa dominsa. Ɗan siyasa ya san in ya yi sabuwar gada za a ce gadar wane, in kuwa ya yashe kwalbati ɗari ba mai tuna shi, domin gadar da ba ta karye ba ba ta shiga labarai. Mu masu jefa ƙuri'a da harshenmu muka koya masa wannan lissafi.

Rumawan kansu ba su yi wannan sakaci da suna ba. A birnin Rum akwai gadar Fabrishiyus da aka gina a shekara ta 62 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, har yau ana bin ta da ƙafa zuwa tsibirin da ke tsakiyar kogin Tiber. A jikin bakanta an sassaƙa sunan wanda ya sa aka gina ta tare da muƙaminsa, mai kula da hanyoyi. Aka kuma ƙara wani rubutu bayan shekara 41, mai ɗauke da sunayen manyan jami'ai biyu da suka duba aikin da aka yi mata bayan ambaliya suka amince da shi. Wanda ya duba ma an ba shi wuri a jikin dutse, inda in ta faɗi kowa zai san wanda ya ce lafiyarta ƙalau.

A Najeriya akwai hukumar gyaran hanyoyin tarayya, FERMA, tun 2002, akwai Ma'aikatar Ayyuka a Dutse, akwai ƙananan hukumomi. Amma injiniya ba ya kwana a gindin kowace gada. Masu ganinta kullum su ne manomin da gonarsa ke maƙwabtaka da ita, da makiyayin da ke fakewa a inuwarta da rana, da ɗan acaɓa, da masu lodin yashi, waɗanda in suka matso da tifa kusa da ginshiƙi suna taya ruwa aikinsa ne tun kafin ya zo. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da rafi ya koma rairayi, kowa na iya sauka ƙarƙashin gadar garinsu ya duba: ko gindin ginshiƙi ya fito fili, ko rodi ya bayyana ya yi tsatsa, ko kafaɗar hanya ta fara lotsawa, ko bakin kwalbati ya cika. Na cikewar, gayyar yini guda da shebur da kwando ta ishe shi. Wanda ya fi ƙarfin gayya kuwa, mai unguwa ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi da kansila, a rubuce, da kwanan wata da hoto daga waya, a kuma ajiye kwafi a gari, don a san ranar da aka faɗa da wanda aka faɗa wa.